Tafiya Da Ƙananan Yara: Jagora Ga Iyalan Hausawa Mazauna Fatakwal, Onitsha Da Enugu

Duk shekara, idan Sallah ta ƙarato ko aka rufe makarantu, tashoshin mota na Fatakwal da Onitsha da Enugu kan cika da iyalan 'yan Arewa masu haramar zuwa gida. Daga Fatakwal zuwa Kano tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, wadda kan cinye yini da dare, wani lokaci har ta zarce haka idan hanya ta lalace ko aka yi cunkoso. Babba yana iya jure wannan wahala, amma jariri da ɗan yaye da yaron da bai kai shekara biyar ba suna buƙatar tanadi na musamman. Wannan bayani ya tattaro abin da ya kamata magidanta da iyaye mata su sani game da zaman iyali a waɗannan birane uku, da wuraren da ake kai yara shan iska, da hanyoyin zuwa Arewa, da matakan kare lafiyar yara a gida da kan hanya.

Asalin zaman Hausawa a yankin

Zaman Hausawa a gabashin kogin Neja ya haura shekara ɗari. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 maharba giwaye daga Arewa suka yada zango a Elele, wadda ke cikin jihar Ribas a yau, fatake kuma suka riƙa shiga ƙasar Nsukka ta ƙasar Igala. Onitsha, wadda Hausawa ke kira Anaca, kasuwar bakin kogi ce da Nufawa da Hausawa ke sauka da kaya cikin kwale-kwale tun kafin a gina gada. Farfesa Egodi Uchendu ta Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta yi nazari a kan wannan tarihi a littafinta na 2011 game da zuwan Musulunci gabashin Najeriya.

Jirgin ƙasa ne ya yawaita jama'a. An gano kwal a yankin Udi a 1909, aka kafa Fatakwal domin fitar da shi ta teku, layin dogo kuma ya haɗa Enugu da Fatakwal a 1916. Daga baya layin ya miƙa Arewa ta Makurɗi da Kafanchan, aka buɗe gadar kogin Binuwai a 1932. Ta wannan hanya shanu da wake da albasa da busasshen kifi suka riƙa gangarawa Kudu, manja kuma ya riƙa haurawa Arewa. Cuɗanyar ta kai ga Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun tarwatsa waɗannan unguwanni, amma bayan yaƙin jama'a suka koma, suka sake kafa zama. Shi ya sa a yau ake samun gidajen da kaka da uba da jika duk a can aka haife su.

Unguwanni da rayuwar gida

A ƙasar Ibo ana kiran unguwar 'yan Arewa Ama Hausa ko Ogbe Hausa, kasuwar dabbobi kuma Gariki. Sunan Hausawa a nan ya haɗa da Fulani da Barebari da Nufawa da 'yan Nijar, domin Hausa ce harshen da ke haɗa su. A Enugu ana samun su a tsohuwar unguwar Hausawa da ke cikin gari, da Gariki ta Awkunanaw, da kasuwar New Artisan, da mahaɗar 9th Mile, da kasuwar shanu ta Ugwuoba a kan hanyar Onitsha. A Onitsha sun fi yawa a kewayen titin Bida inda babban masallaci yake, da kasuwannin bakin gada, sai kuma Amansea kusa da Awka. A Fatakwal kuwa akwai su a tsohon gari, da Mile 1 da Mile 3 a Diobu, da Oil Mill, da Oyigbo, da wuraren ajiye manyan motoci na Eleme da Onne. Kowace al'umma tana da Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa, waɗanda ke sasanta rigima, su karɓi baƙo, su kuma tsaya tsakanin jama'a da hukuma.

Yawancin iyalai haya suke zaune, sau da yawa a gidan da ake tarayya da maƙwabta Ibo ko Ikwerre ko Ijaw a tsakar gida da famfo da kicin. Hakan ya sa yaro kan tashi da harshe uku ko huɗu: Hausa a ɗaki, Ibo ko Turancin buroka a tsakar gida, Ingilishi a makarantar boko, Larabci a Islamiyya. Wannan riba ce babba, sai dai Hausar yaro kan yi rauni idan iyaye ba su lazimci yi masa magana da ita ba. Ɗaya daga cikin dalilan da ke sa magidanta ɗaukar wahalar kai yara gida ke nan, domin su san kakanni da baffanni da gwaggwanni, su ji harshen a bakin masu shi, su kuma ga hawan Sallah da idonsu. Hausawa na cewa zumunci a ƙafa yake.

Abinci ma ya gauraya. Tuwon shinkafa da miyar kuka suna nan, amma yaran da suka tashi a Enugu sun saba da okpa, wadda ake yi da garin gurjiya, da abacha da ake yi da rogo, na Fatakwal kuma sun saba da gasasshiyar ayaba da kifi da ake kira bole. Abin da iyaye Musulmi kan kiyaye shi ne nama: a saya daga mahautan da aka sani, idan kuma za a ci a gidan abinci a tambayi irin naman da ke cikin miya, ko a zaɓi kifi.

Yanayi da lafiyar yara

Bambancin yanayi tsakanin Kudu da Arewa na daga cikin abubuwan da ke kwantar da yara. A Fatakwal ruwan sama yakan haura milimita 2,000 a shekara, damina kuma kan fara tun daga Maris ta kai Nuwamba. Saboda haka sauro ba ya ɗaukewa, zazzaɓin cizon sauro kuma babu lokacin da ba a kamuwa da shi. Gidan sauro mai magani wajibi ne a kowane dare, a kuma riƙa zubar da ruwan da ya taru a tayoyi da gwangwanaye da robobi. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 gida-gida lokacin damina ya fi yawa a jihohin Arewa, inda cutar ke zuwa da lokaci. Iyalin da suka je gida a daminar suna iya tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

Tun daga 2016 mazauna Fatakwal suka yi ta kokawa da baƙin ƙurar hayaƙi da ke sauka a kan kaya da tufafi, wadda ake dangantawa da tace ɗanyen mai ba bisa ƙa'ida ba da ƙona tayoyi. Yaron da ke da asma ko yawan tari yana buƙatar a kula da shi sosai, a rufe abinci da ruwan sha, a kuma goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon share shi a bushe. A yankunan bakin kogin Neja, musamman Ogbaru da ke kudu da Onitsha, ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a 2012 da 2022, kuma bayan ambaliya ne amai da gudawa suka fi yaɗuwa.

Allurar rigakafi kyauta ce a cibiyoyin lafiya na gwamnati a duk faɗin ƙasar, ba tare da la'akari da jihar asali ba. Ana yi wa jariri da zarar an haife shi, sai a mako na 6 da na 10 da na 14, sannan a wata na 9 a yi masa ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, a maimaita ta ƙyanda a wata na 15. Katin da aka bayar a Enugu yana aiki a Katsina, wanda aka bayar a Sakkwato yana aiki a Fatakwal. Idan lokacin allura ya faɗo ana cikin tafiya, sai a kai yaron da katinsa asibitin garin da ake, kada a jira sai an dawo. Ga larurar da ta fi ƙarfin ƙaramin asibiti, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Najeriya a Ituku-Ozalla da na Parklane a Enugu, da na Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Nnewi, da babban asibitin Onitsha, sai asibitin koyarwa na Jami'ar Fatakwal da na Jami'ar Jihar Ribas.

Wuraren kai yara shan iska

Ba kowace shekara ake samun halin zuwa gida ba, don haka iyalai da yawa kan yi yawon Sallah a inda suke. A Fatakwal wurin da ya fi karɓar iyalai shi ne Pleasure Park da ke kan titin Aba, wanda aka buɗe a 2017, yana da filin wasan yara da tafki da ƙananan jiragen ruwa. Akwai kuma dandalin Isaac Boro kusa da gadar sama ta Mile 1. Duk wanda zai sa yaro cikin kwale-kwale, a wurin wasa ne ko a hanyar zuwa garuruwan cikin ruwa irin su Bonny, ya tabbatar an ba yaron rigar kariya daga nutsewa daidai jikinsa.

A Enugu akwai dandalin Michael Okpara, da rukunin shaguna na Polo Park, da tafkin Nike, da gidan tarihi na haɗin kan ƙasa, inda yara 'yan makaranta za su ga kayan al'adun sassan Najeriya. A wajen gari akwai dajin Ngwo mai kogo da magangarar ruwa, da kuma magangarar Awhum. Waɗannan biyun suna da gangara da duwatsu masu santsi, saboda haka sun fi dacewa da yaran da suka tasa, kuma an fi jin daɗinsu da rani. Kusa da Onitsha akwai kogon Ogbunike, wanda ake sauka cikinsa ta matakala 317, ana kuma cire takalmi kafin a shiga bisa al'adar garin. Mai goyo ko mai tsohon ciki ba za ta ji daɗin wannan saukar ba. Akwai kuma wurin shaƙatawa na Rojenny a garin Oba.

A kowace fita, a tafi da wuri a dawo kafin magariba. A riƙe hannun ƙaramin yaro a kasuwanni masu cunkoso irin su babbar kasuwar Onitsha da Ogbete da Mile 1. Yaron da ya iya magana a koya masa cikakken sunansa da na mahaifinsa da sunan unguwarsu, wanda bai iya ba kuma a rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu. An hana acaɓa a tsakiyar biranen uku, don haka adaidaita-sahu da ƙananan bas-bas ne abin hawa. A cikin adaidaita-sahu a zaunar da yaro a tsakiya, ba a bakin ƙofa ba.

Ranakun da ake kiyayewa

Tun daga watan Agustan 2021 aka fara tilasta zaman gida ranar Litinin a jihohin Kudu maso Gabas, bayan kiran da haramtacciyar ƙungiyar IPOB ta yi. Gwamnatocin jihohin sun yi watsi da umarnin, gwamnatin Enugu ma ta sanar da soke shi tun a watan Yunin 2023, harkoki kuma sun farfaɗo a wurare da dama. Duk da haka, matafiyi mai iyali gara ya kauce wa fara doguwar tafiya ranar Litinin, ya kuma lissafa kada motarsa ta ratsa yankin a ranar. Ranar 30 ga Mayu, wadda masu fafutukar Biyafara ke tunawa da ita, ita ma akan taƙaita zirga-zirga.

A wasu jihohin akan hana fita da safiyar Asabar ta ƙarshen wata domin tsaftace muhalli. Daga watan Agusta zuwa Oktoba ana bukukuwan sabuwar doya, Onitsha kuma na yin bikin Ofala na sarkinta a Oktoba. A irin waɗannan lokuta dodanni kan fito kan titi, wasunsu da bulala. Abin da ya dace shi ne a ja yara gefe, a ba su hanya, kada a ɗauki hoto sai da izini. Watan Disamba kuwa shi ne lokacin da 'yan yankin ke komawa garuruwansu domin Kirsimeti, kuɗin mota ya tashi, hanyoyin shiga Onitsha su cushe.

Hanyoyin zuwa Arewa

Manyan hanyoyi biyu ne. Ta farko ta tashi daga Fatakwal ta bi Aba da Umuahia da Okigwe, ta wuce kasuwar shanu ta Lokpanta zuwa Enugu, tazarar da ta haura kilomita 200. Daga Enugu sai 9th Mile da Obollo-Afor da Otukpo da Makurɗi da Lafiya da Akwanga. A Akwanga hanya ta rabu: masu zuwa Jos da Bauchi da Gombe da Maiduguri su yi gabas, masu zuwa Kaduna da Zariya da Kano da Katsina su bi ta Keffi da Abuja ko ta kudancin Kaduna.

Ta biyu ta tashi daga Onitsha ta haye kogin Neja zuwa Asaba, ta bi Agbor da Uromi da Auchi da Okene da Lokoja zuwa Abuja. Mutanen Fatakwal kan shiga wannan hanya ta Elele da Owerri. Tsohuwar gadar Neja, wadda aka kammala a 1965, ta daɗe tana zama maƙogwaron cunkoso, amma sabuwar gada ta biyu mai tsawon kilomita 1.6 da aka ƙaddamar a watan Mayun 2023 ta rage wahalar. Akwai kuma hanya ta tsakiya, wadda ke barin Obollo-Afor ta ratsa ƙasar Igala, ta haye gadar Itobe zuwa Ajaokuta da Lokoja. Masu bin Lokoja a watannin Satumba da Oktoba su saurari sanarwar hukumomi kafin su tashi, domin a 2012 da 2022 ruwa ya shafe titin a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Motocin Arewa sukan tashi daga Holy Ghost da Gariki da 9th Mile a Enugu, da Upper Iweka da bakin gada a Onitsha, da kewayen Mile 3 da titin Aba a Fatakwal. Mai yara ya shiga mota a tashar da aka sani, inda ake rubuta sunayen fasinjoji da lambar wani ɗan'uwa, kada ya tsayar da mota a bakin titi don neman sauƙi. Idan akwai hali, raba tafiyar gida biyu, a kwana a Makurɗi ko Lafiya ko Abuja, ya fi wa yara sauƙi a kan a miƙe a zama ɗaya.

Jirgin ƙasa da na sama

Layin dogo na gabas, wanda ya taɓa kai fasinja daga Fatakwal har Maiduguri, ya daɗe ba ya aiki gaba ɗayansa. Sashen Fatakwal zuwa Aba ne aka gyara, jirgi ya dawo aiki a kansa a 2024, kuma gajeriyar tafiya ce da yara kan ji daɗinta. Jirgin Warri zuwa Itakpe yana tsayawa a Agbor da Uromi, na Abuja zuwa Kaduna kuma yana tashi daga Idu zuwa Rigasa. Wasu iyalai kan yi amfani da su domin rage zaman mota, sai dai a tabbatar jirgin yana aiki a ranar kafin a dogara da shi.

Ta sama kuwa akwai filin jirgin Omagwa a Fatakwal, da na Akanu Ibiam a Enugu, da na Chinua Achebe a Umueri, da na Asaba ga mutanen Onitsha. Galibin jiragen Abuja da Legas suke zuwa, daga nan a canja zuwa Kano ko Sakkwato ko Maiduguri. Yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, a biya masa kaso kaɗan na kuɗin tikiti. Shayar da jariri lokacin tashi da sauka yana rage masa ciwon kunne. Mai ciki ta tambayi kamfanin jirgin ƙa'idarsa tun da wuri, domin idan ciki ya tsufa akan nemi takardar likita.

Takardun da za a riƙe

Jami'an tsaro a shingayen hanya suna sa ido sosai a kan masu tafiya da yara, kuma da dalili. A watan Oktoban 2019 rundunar 'yan sandan Kano ta sanar da ceto yara tara da aka sace daga Kano aka kai Onitsha, lamarin da ya kai ga shari'a da ɗauri. Hukumar yaƙi da fataucin bil'adama ta NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, da 'yan sanda kan tsare mota idan suka ga yara da yawa tare da wanda ya kasa bayanin alaƙarsa da su.

Saboda haka a riƙe takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ga kowane yaro, da katin rigakafi, da katin shaidar ɗan ƙasa na iyaye, da katin makaranta idan akwai. Dokar ƙasa ta tanadi a yi wa jariri rajista cikin kwana 60 da haihuwa, kuma yara ma ana yi musu lambar NIN. Idan baffa ko kawu ko yaya ne zai tafi da yaro ba iyayensa ba, ya riƙe rubutacciyar takardar izini mai sa hannun uba ko uwa da lambar wayarsu, zai fi kyau ma idan Sarkin Hausawa ko limamin unguwa ya shaida. Haka nan ga yarinyar da za a ɗauko daga gida domin riƙo ko taya aiki. A ɗauki hoton duk takardun a waya, ko da na hannu za su ɓata.

Zama a cikin mota

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta hana zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar gaba, ta kuma buƙaci a ɗaure ƙananan yara a kujerarsu ta musamman a bayan mota. Mai motar kansa ba shi da uzuri a kan wannan. Idan aka taka birki da ƙarfi, hannun uwa ba ya iya riƙe jariri, komai ƙarfinta. A motar haya, inda babu irin wannan kujera, abin da ya fi shi ne a biya wa yaron da ya iya zama kuɗin kujerarsa maimakon a ɗora biyu a cinya ɗaya. Goyo a baya a cikin mota haɗari ne, domin jaririn na tsakanin uwa da jingina.

Hukumar ta sha gargaɗi a kan tafiyar dare da kuma hawa tirelolin shanu da na kaya. Motocin da suka sauke dabbobi ko albasa a Kudu kan ɗauki mutane da araha idan za su koma, amma ba a yi su don fasinja ba, kuma idan suka faɗi asarar rayuka kan yi yawa. Wannan ba abin hawan mace da yara ba ne ko da kuɗi sun yi ƙaranci. Fasinja yana da ikon yi wa direba magana idan yana gudun wuce sa'a, ko yana waya, ko barci na fizgarsa. Lambar kiran hukumar idan an yi haɗari ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa baki ɗaya kuma 112.

Guzuri da jinya a hanya

A ware ƙaramar jaka da za ta zauna a hannu, ba a but ba. A sa mata ruwan sha mai tsafta, da kayan canji, da ƙunzugu, da sabulu, da leda, da zane ko bargo, da maganin zazzaɓi na yara, da ƙunshin gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zinc. Guzurin da ba ya saurin lalacewa ya fi: burodi, biskit, dabino, ayaba, lemo, dafaffen ƙwai da za a ci a ranar. A yi hattara da fura da nono da zoɓo da ƙanƙarar bakin hanya da ba a san ruwan da aka yi su da shi ba. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, sai dai uwar ta yawaita sha.

Idan gudawa ta kama yaro, a narka ƙunshin ORS a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da shayarwa, a kuma ba shi zinc kullum har kwana 10 zuwa 14. Yaron da mota ke sa wa amai a ba shi abinci mara maiƙo kafin a tashi, a zaunar da shi inda iska ke shiga, a hana shi kallon waya. Kada a ba yaro maganin tari ko na mura don ya yi barci ya bar mutane su huta. Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin tun a 2018, sauran masu sa barci ma suna iya danne numfashin jariri. Mai amosanin jini yana buƙatar ruwa da yawa da rigar sanyi da magungunansa a kusa.

Alamomi huɗu ne ba a jira da su sai an isa: yaro ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko ya galabaita har ba ya farkawa sosai. Idan aka ga ɗaya daga ciki, ko numfashi ya yi sauri ƙirji yana shiga, a sauka a asibitin gari mafi kusa.

Tsaro

Mafi yawan tafiye-tafiye lafiya ake yinsu, kuma Hausawa da maƙwabtansu suna zaune cikin ciniki da mutunta juna. Amma an sha samun munanan al'amura da ke tuna wa matafiya su yi taka-tsantsan. A watan Mayun 2022 'yan bindiga sun kashe wata mata 'yar Arewa mai juna biyu da 'ya'yanta huɗu a yankin Orumba na jihar Anambra. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano domin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suke ciki. Hanyoyin Arewa ma suna da nasu matsalar garkuwa da mutane.

Darasin da ke ciki shi ne a yi tafiya da rana, a bi babbar hanya, a guji ratse ta ƙauyukan da ba a sani ba. Kada a shiga motar da ke ɗauke da makami kowane iri, ko kayan da ba a san mene ne ba. A shingen bincike a yi magana cikin natsuwa, a bar direba da manya su yi bayani. A sanar da wani ɗan'uwa lambar mota da lokacin tashi, a cika waya da caji, a raba kuɗi wuri biyu. Kafin a sa rana, a tuntuɓi shugabannin al'umma da direbobin da suka biyo hanyar kwanan nan, a kuma guji yaɗa jita-jitar da ba a tabbatar ba a WhatsApp da Facebook, domin sau da yawa ita ke hura wutar ramuwar gayya.

Bayan an isa gida

Yaron da ya saba da laimar Kudu yakan sha wuya da hunturun Arewa daga Disamba zuwa Fabrairu: leɓe ya tsage, hanci ya yi haɓo, tari ya taso. Man kaɗanya ko basilin da rigar sanyi da hula suna maganin yawancin wannan. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kuma lokacin ne sanƙarau da ƙyanda suka fi yaɗuwa, don haka a duba katin rigakafi kafin a taso, a kuma guji cusa yara da yawa a ɗakin da iska ba ta shiga. A tafasa ruwan rijiya kafin a ba baƙon yaro.

Akwai kuma batun makaranta. Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka sau da yawa takan faɗo a tsakiyar zangon karatu, hutun da gwamnati ke bayarwa kuma kwana biyu ne kacal. Iyaye su sanar da shugaban makaranta a rubuce, su karɓo aikin gida, su kuma tsayar da ranar dawowa tun kafin su tafi. Dogon hutun ƙarshen Yuli zuwa Satumba shi ne ya fi dacewa da zaman makonni a gida, sai dai ya zo daidai da tsakiyar damina, lokacin da hanyoyi suka fi lalacewa. Duk zazzaɓin da ya kama yaro cikin makonni biyu da dawowa, a kai shi a gwada jininsa kafin a ba shi magani, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya garin da aka je.